Makullan Tsohon Gida

Inna na zaune a falo tana jan carbi, Auta ya durƙusa ya ce ya sayi gida a karkara. Carbin ya tsaya cak.

Tsohon gida ne na wani attajirin zamanin da, mai dogayen ginshiƙai da gona a bayansa. Yawan ɗakunansa kuwa, an ce akwai baƙon da ya shiga neman banɗaki, har yau ana cigiyarsa. Matar Auta, wadda nas ce a asibiti, ita ta fara kamuwa da son gidan. Da rani suka je dubawa, irin dubawar 'yan birni: sun ƙwanƙwasa bango, sun ɗau hoto, ba wanda ya ɗaga kai ya kalli rufi.

"Aikin 'yar allura ne wannan!" in ji Inna. "Za ta ja min ɗa daji ta raba shi da danginsa. To, ko ka sayar da gidan, ko ka sallame ta!"

Nas ta shigo ido taf da hawaye, ta zube makullan a gaban surukarta. "Inna, in don yanke zumunci na so shi, kada Allah ya ba ni kwana a ciki. Ga su, ki raba yadda kika ga dama."

Ai kuwa Inna ta raba, ita kanta ta tare a babban ɗaki! Yaya Babba ya ɗau saman bene. Gwaggo ta zo shan iska da kajinta. Har wani kawu da ba a gano ta inda aka haɗa jini ba ya samu ɗaki mai taga biyu. Masu gida suka ƙare a ɗakin ajiyar fartanya, can bakin gona.

"Hani, ayam sori," Auta ya ce yana sosa ƙeya. "Bari in je in kore su."

"Ka kori wa? Wanda Inna ta ba makulli? Zauna, malam. Kai na aura, ba bene ba."

Ta yi dariya, sannan ta juya ta fuskanci bango ta share ido.

Sai damina ta sauka. Jama'a, rufin nan da rariya uwarsu ɗaya! An ce a falon ne kajin Gwaggo suka koyi iyo. Dangi suka shiga loda kaya. Yaya Babba ya cika motarsa da katifa da talabijin, ya leƙo ta taga.

"Inna, ba sifes, mota ta cika! Gobe zan dawo in ɗauke ki."

Goben nan har yanzu tana hanya.

Nas ce ta ratsa taɓo, ta tarar da tsohuwa a kan gado tana rawar sanyi, da kwano kife a ka. Ta goya ta zuwa ɗakin fartanya, wanda ko ɗigo bai yi ba, ta shafa mata man zafi, ta bar mata katifarsu.

Inna ta kwanta tana sauraron ruwa, sannan ta ɗaga murya.

"Auta!"

"Na'am, Inna."

"Maganar da na yi rannan, na janye ta. In ka kuskura ka saki 'yata, ban yafe ba. Gidan kuwa ba mai sayar da shi. Nemo kafinta, ni zan tsaya a kansa!"

To samari da 'yan mata, ku ji da kyau: dangi da gida duk da rani kyau gare su, ruwan sama ke tona asirin mai yoyo. Mai haƙuri kuwa, ko ina aka tura shi, albarka ta san hanyar ɗakinsa.