Ƙararrawar Ƙafar Auta

Fit! Fit! Fiiiiit...

Auta ta tsaya cak a bakin ɗakin sauya kaya, takalmin rawarta a hannu. Tun magariba aka tashi daga gwajin wasa, takalmin da ta manta ne ya dawo da ita. Zauren wasan da duhu, ba kowa a kujeru. Amma kunnenta bai yi mata ƙarya ba. Fito ne, gajere biyu, dogo ɗaya.

Sai ta ji taku a kan katakon dandamali.

Ƙwas... shuuu. Ƙwas... shuuu. Kamar mai jan ƙafa ɗaya.

Ba ta san lokacin da ta zuba a guje ba. A bakin famfo ta yi karo da saurayinta Mai Igiya yana wanke baƙin mai daga hannunsa.

"Autata! Wa ya koro min ke?"

"Fito... an yi fito a zaure!"

Dariyar da ya ɗauko ta maƙale.

A tsangayar wasan kwaikwayo ta jami'arsu, ba a yin fito. Ko rawa ka zo koyo, ko kiɗa, ko wasa, ko haɗa dandamali, darasin farko kenan. Dalili kuwa, wadda ta kafa wurin, da ake kira Uwar Zaure, tsohon sito ta roƙa ta mayar da shi ɗakin wasa. Ta ɗauko masu sauke kaya su riƙa ja mata labule da katakai daga can saman rufi. Na sama ba ya ganin ƙasa, don haka da fito ake ba shi umarni. Ran nan wani baƙo wasa ya yi masa daɗi ya yi fito, na sama ya saki gungume a ƙafarta. Da ɗingishi ta ƙare rayuwarta. An ce har ta rasu, in tsuntsu ya yi kuka kusa da taga sai ta ɗaga kai ta dubi rufi.

Yanzu mutum ɗaya ke da izinin fito, Tsoho, malamin dandamali. Mai Igiya kuwa shi ne ɗalibin da ke sama.

"Gajere biyu, dogo ɗaya?" ya tambaya a hankali. "Ai wannan na ƙofar ƙarfe ne."

Auta ta dube shi. A wasansu na kammala karatu, ita ce sarauniyar da ke rawa har ta wuce ƙarƙashin wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe, sannan a sako ƙofar tim a bayanta.

"Nawa... in ka ji fito, kana ganina?"

"Ba na ganin komai sai ƙura da jemagu."

"To in ina ƙarƙashinta fa?"

"Haba sanyin idona, Tsoho bai taɓa kuskure ba."

"Ba Tsoho nake tsoro ba!"

Ba ta iya barci ba. Ga tsoron zaure, ga na gida. Babanta direban babbar mota ne da ya yi ritaya, lauya ya so ta zama. Karatun rawa da ƙyar ya haɗiye shi, Mai Igiya kuwa ya tsaya masa a wuya.

"Ke ki yi ta tsalle, shi ya yi ta lilo a rufi kamar biri? Wannan ne zan danƙa wa 'yata?"

"Baba, ku zo ku ga wasan kawai. Don Allah..."

"Zan zo. In na ga shiririta, kada bakinki ya sake ɗauko min sunansa."

Akwai kuma 'Yar Jira, wadda ta haddace duk rawar Auta don ta maye gurbinta in wani abu ya faru. Tun suna ajin farko take kai wa Mai Igiya ruwan sanyi har saman tsani, shi kuma ya ce na gode ƙanwata.

"Kin rame, sarauniya," ta ce mata washegari tana murmushi. "Ko in karɓe ki ne?"

"Ki ci gaba da jira, ai kin ƙware."

Da yamma Auta ta buɗe tsohon akwatin kayan rawa, ta ciro wasu 'yan ƙararrawa na ɗaurawa a ƙafa, duk sun yi tsatsa. Ta hau tsani ta kaɗa wa Mai Igiya su a kunne.

"Tunda ba ka ganina, sai ka ji ni."

"Sarauniya da ƙararrawa kamar akuyar da ake tsoron ta ɓata?"

"Eh, na yarda. Kai dai ka saurara."

"Ranki ya daɗe, ko numfashinki ma ina ji."

Ranar wasa zaure ya cika. Auta ta hango Baba a layin gaba, ya harɗe hannuwa, Mama na gefensa tana motsa baki da addu'a. Kiɗa ya tashi. Ta shiga cikin farar riga, cas, cas, cas. Bakinta na murmushi. Ta juya, ta sake juyawa, ta iso daidai ƙarƙashin ƙofar.

Fit! Fit! Fiiiiit!

Ya Allah... ai ba ta wuce ba!

A can sama, hannun Mai Igiya ya riga tunaninsa. Haka aka horar da shi, ya ji fito ya saki. Igiya ta fizge da gudu.

Cas... cas...

A ƙarƙashinsa! Daidai ƙarƙashinsa!

Ya cafki igiyar da tafin hannu tana gudu.

Auta ta ji iska ta daki kanta. Ta ɗaga ido. Ƙarfe na lilo, tsakaninsa da goshinta bai kai kamu ɗaya ba. 'Yan kallo suka ɓarke da tafi, sun ɗauka cikin wasa ne. Sai wani abu mai ɗumi ya ɗigo mata a kafaɗa, farar riga ta yi ja.

"Ki matsa!" Muryarsa ta tsago daga rufi. "Auta, ki matsa, ba zan iya ba!"

Ta yi tsalle. Ƙofa ta faɗo, katako ya tsage.

Tsoho ya riga ya damƙe 'Yar Jira a bayan labule, yatsunta biyu da ta yi fiton da su har yanzu da yawu.

"Wallahi na zaci ta wuce!" take kuka. "So nake wasan ya lalace a cire ta... ban yi nufin kisa ba!"

Aka sauko da Mai Igiya, tafukansa sun saluɓe. Auta ta durƙusa tana hura masa.

"Wayyo Nawa... hannunka..."

"Kin ga amfanin akuya da ƙararrawa?" ya ce, haƙoransa na haɗuwa.

Baba ya ratso mutane ya tsaya a kansa. Ya daɗe yana kallon hannun. Shi ya san abin da ake nufi da tsayar da kaya mai nauyi a gangara.

"Yaro, me ya hana ka saki?"

"Baba, ita ce a ƙasa."

Baba ya cire hularsa ya goge fuska da ita.

"Tashi mu je asibiti, ɗana. In hannun ya warke, ka turo manyanka."

An kori 'Yar Jira. An ɗaura aure bayan sun karɓi takardunsu, ango na gaisawa da tafi mai tabo.

Wata yamma suna tsakar gidan su Auta, Mama na ba maƙwabciyarsu, matar tela, labarin tun daga farko. Auta ta ce ai fito da jan ƙafar da ta ji a zaure ran nan su suka sa ta ɗaura ƙararrawa.

"Munafukar 'Yar Jira, ashe gwaji take yi!" in ji matar tela.

"Ba ita ba ce," Mai Igiya ya ce a hankali. "A daren nan ita da Tsoho suna wani gari, tare da ayarin da ke kai wasa makarantun sakandare. Ni da hannuna na loda musu kaya."

Auta ta laluɓo hannun mijinta ta riƙe gam, yatsunta a kan tabon.

Matar tela ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta gyara mayafinta.

"To, wa ya yi fiton? Kuma wa ke jan ƙafa?"