Ƙwaryar Rabi da Saniyar Inno

Rabi na tsakar gida tana wanke ƙwaryar kwamiti sai ga sallamar Halilu a zaure. Ko kekensa bai jingine daidai ba.

"Lahiya kake haki haka?" in ji Rabi.

"Ina lahiya! Inno ta rantse ba ta karɓar surukar da ka yawo gida-gida tana roƙo. Ko ki aje ƙwaryar ga, ko a hwasa auren."

Shekarar fari ce, matan Anka sun kafa kwamitin kula da jariran da uwayensu suka rasu. A gidan Marka ungozoma ake renonsu, Rabi kuwa ita ke zagaya gari tana karɓar gero, kowane gida abin da ya sawwaƙa. Ita kuma Inno, mahaifiyar Halilu, Bafillatana ce mai kunyar tsiya. A wurinta gara a kwana da yunwa da a miƙa hannu.

"Halilu, ka san ina son ka," Rabi ta ce, hawaye na zuba. "Amma in na aje ta, mi yaran ga za su sha?"

Bawan Allah ya ja kekensa ya tafi.

Wayyo Rabi! Gori kam ta sha shi. Ƙawaye na cewa ta saki reshe ta kama ganye, mahaifiyarta na faɗa kullum. Ita dai safiya na yi sai ta share ido ta ɗauki ƙwarya.

Da geron gari ya ja baya, Marka ta ce sai an leƙa rugage. Rabi ta goya wata jaririya da ba ta yarda da kowa sai ita, ta kama hanya. Rugar su Halilu ce a bakin hanya, kuma ta ga tsallake ta rashin kunya ne. Ta durƙusa har ƙasa.

"Goggo, ina kwana? Taimakon marayu muke nema."

Inno ta kau da kai, ta ci gaba da kaɗa nononta. Jaririyar ta tsanyara kuka. Rabi ta sauke ta, ta fara ɗura mata kunu, yarinya na ƙwarewa tana amayarwa.

"Ke! Kashe ta za ki yi?" Inno ta daka tsawa. "Kunu ga jinjirar da ko wuya ba ta tsaida ba?"

"Shi muke da shi, Goggo."

Tsohuwa ta fizge yarinyar, ta ɗumama madara, ta riƙa ɗiga mata da ludayi har ta yi barci. Ta daɗe tana kallon ɗan hannun da ya riƙe mata yatsa. Sannan ta miƙa ta, ko ƙwayar gero ba ta sa a ƙwarya ba. Rabi ta koma tana kuka, ta fid da rai.

Ranar kasuwa sai ga hayaniya a ƙofar Marka. Inno ce a gaba, Halilu a baya yana jan saniya da ɗan maraƙinta, bakinsa har kunne.

"Ba sadaka ba ce," in ji Inno. "Mu in ɗan'uwa ya rasa, aron saniya muke ba shi. Su sha har a yaye su."

Marka ta rangaɗa guɗa. Inno ta ɗaga hannu.

"Ban gama ba. Saniyata ba ta yarda da hannun bare." Ta harari Rabi. "Mi kike kallo? Wanke ƙwaryar taki ki zo in koya miki tatsa. Ni ban aje surukar da ba ta iya ba."

Da kaka aka ɗaura aure. Mai haƙuri yakan dafa dutse, 'yan uwa, kuma wanda ya tsaya wa maraya, Allah ba ya barin sa ya ji kunya.