Karan Da Shanu Suka Ƙi

Da hantsi aka kira Sufeto Abdulganiyu zuwa Ɗansoshiya. An kwashe karan dawa duro guda daga rumfar gwajin Dakta Mubaraka, aka tsince shi a rugar Lado makiyayi. Mai unguwa ya ba Lado wa'adi ya tashi daga wurin kafin magariba.

"Me ake yi da kara a duro?" in ji Sufeto.

"Daddatsa shi muke yi, mu jiƙa a ruwan kanwa kwana bakwai," in ji Dakta. "In ya yi laushi sukarin cikinsa ke fita, da shi ake yin man inji. Yau za mu auna."

"Wa ya jiƙa?"

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji Mujitaba, ma'aikacinta. "Kanwa kwano uku na zuba. Jiya kuma na ga Lado yana leƙe."

A ruga, karan na jibge kusa da turke, shanu na kiwo gefe. Sufeto ya ɗauki guda ya lanƙwasa. Ya karye ƙas. Ya ga Dakta ta ɗaure fuska.

Ya juya ga Lado. "Baffa, kai ka kwaso?"

"Yallaɓai, jiya daga masallacin Juma'a na dawo na tarar da shi. Amma wa ya ce maka akwai kanwa a nan?"

"Me ka gani?"

"Dubi shanun mana! Saniya ta ji ƙanshin kanwa ta tsaya kallo? Da ko ƙasar wurin sun lashe."

Sufeto ya dangwali karan da harshe. Salam, ba ɗanɗanon kanwa. Suka koma rumfar gwaji, ya sa aka buɗe sito, sai ga buhun kanwa a ɗinke yadda aka sayo shi.

"Mujitaba, kwano ukun ta ina suka fita?"

Mujitaba ya durƙusa.

"Ranar jiƙon, ɗaurin auren abokina ake yi a Bebeji. Ina sauri na zuba ruwa zalla, sai shekaranjiya na tuna. Da an auna ba sukari, aikina ya tafi. Sai na kwashe karan na jibge a rugar Lado, na ce kowa ya san shanu da kanwa, ba mai musu."

"Shanun ne ba ka shawarta ba," in ji Sufeto, ya miƙa wa kofur ɗin da ya rako shi ankwa.

Motar 'yan sanda na tashi, Lado ya koma yana kafa turken da ya fara tugewa.