Ruwan Maitama a Gidan Kubwa

A unguwar Kubwa ta Abuja, cikin wani gidan haya mai ɗaki shida, akwai wata yarinya 'yar aji shida na firamare. Ita ce ƙarama a ɗakinsu, don haka kowa Auta yake ce mata.

Yayarta Zaituna tana jami'a. A wannan zangon an haɗa ajinsu da wani aji na wata jami'a a ƙasar Indunusiya. Ba su taɓa haɗuwa ba. Ta intanet suke aiki tare duk ranar Litinin. Tambaya ɗaya aka ba su: ta yaya iyalai suke samun ruwa a gida? Kowane ɗalibi zai ɗauki bidiyon gidansu ya tura.

Ranar Asabar za a rufe karɓa. To, ranar ce kuma zazzaɓi ya kwantar da Zaituna.

"Auta, zo nan," in ji ta daga cikin bargo. "Ga wayata. In Sale mai ruwa ya zo, ki ɗauke shi da kurarsa har ya juye mana a duro. Sai ki danna nan ya tafi."

Auta ta yatsine fuska. "Sale? Da kurar nan tasa mai kuka? Mutanen wata ƙasa za su gani fa, Yaya!"

"To daga ina muke samun ruwan? Ki yi abin da na ce."

Auta ta fito tana hura hanci. Ta dubi famfon tsakar gidansu. Shekara uku bai ɗiga ba, har an mai da shi wurin rataye tsumma. Sale ya zo, ya juye jarka huɗu, ya tafi. Wayar tana hannunta, ba ta danna komai ba.

Da rana Mama za ta kasuwar Wuse. Ta ce Auta ta raka ta, su biya ta Maitama su kai wa Baba maganinsa da ya manta. Baba shi ke kula da fulawoyi a gidan wani oga a can.

Suna shiga, Auta ta tsaya cak. Ciyawa shar kamar darduma. Wani ƙarfe yana juyawa, yana watsa mata ruwa. Can gefe ga tafkin wanka, shuɗi, babu kowa a ciki.

Mama da Baba suna magana a bakin get. Auta ta zaro wayar. Ta ɗauki ciyawar, ta ɗauki tafkin. Ta gyara murya, ta ce da Turanci, "Wannan shi ne gidanmu." Ta danna. Ya tafi.

Ranar Litinin da safe Zaituna ta ji sauƙi. Ta jingina wayar a taga, wurin da netwok ya fi kamawa. Fuskoki suka fito cikin ƙananan akwatuna. Makarantar su Auta tana hutu, don haka tana gefe tana tsintar shinkafa.

Wata ɗaliba mai suna Dewi ta fara magana daga Jakarta. "Zaituna, gidanku ya burge mu! Kwana biyu muka yi muna gyara rahoton. Mun rubuta cewa unguwarku ba ta da matsalar ruwa."

Sai ta kunna bidiyon. Muryar Auta ta cika ɗakin.

Malama Patricia, malamar su Zaituna, ta cire tabarau. "Zaituna, a takardarki kin rubuta cewa wajen mai ruwa kuke saye. Yanzu ga tafki. Wanne ne ƙarya?"

"Malama, ba ni da lafiya ne, ƙanwata..."

"Ɗalibai arba'in a ƙasa biyu sun dogara da abin da kika turo. Gobe ƙarfe goma ki kawo bayani. In ba haka ba, zan cire sunanki daga aikin, kin faɗi wannan kwas."

Aka kashe kiran.

Zaituna ta juyo, idonta jajir. "Gidanmu? Gidan uban wa? Wata uku ina tsayuwa a tagar nan ina neman netwok! Kin mai da ni maƙaryaciya a gaban duniya!"

Auta ta dire farantin shinkafa. "Ai gara haka da su yi mana dariya! Ni na gaji! Ciyawa tana wanka tun safe har yamma, ni kuwa rabin bokiti Mama take ba ni!"

"Ke! Rufe min baki," in ji Mama. "Ki bari babanku ya dawo."

Da yamma Baba ya dawo. Ya kalli bidiyon sau ɗaya, ya kife wayar a tabarma.

"Wa ya ba ki izinin ɗaukar gidan mutane?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Da ke nake! Shekara tara ina shiga gidan nan, ko ganye ban taɓa ɗauka ba sai na tambaya. Zaituna, a goge shi yanzun nan."

"An goge, Baba."

Ya juyo wajen Auta. "Kina tsammani ni abin ba ya ƙona min rai? Ni nake riƙe da tiyon nan. Ina zuba wa ciyawa ruwa, ina tuna duron ɗakina. Kullum. Amma ga mutane sun zo daga nesa suna tambaya, yaya kuke fama? Ke kuma kika ce musu lafiya lau. Kin ɓoye ƙishin unguwa guda don kada a yi miki dariya."

Hawaye suka zubo wa Auta. "Baba, ka yi haƙuri."

"Ba ni za a kora daga aji ba. Ga wadda za ki ba haƙuri nan. Kuma haƙurin baki ba zai isa ba."

Washegari tun ƙarfe bakwai Auta tana ƙofar gida. Tun daga kan kwana ta ji kukan kurar.

"Ina kwana, Malam Sale. Don Allah zan iya ɗaukar ka a bidiyo?"

"Ni? A fim za a sa ni? Tsaya in gyara hula. Ki ɗauko har tayar nan, ko wani oga zai ji tausayi ya canja min."

Ta bi shi har bohol. Ta ɗauki layin jarkoki. Ta ɗauki gumin bayansa a kan tudu. Ta ɗauki famfonsu da tsummansa.

Ƙarfe goma, Zaituna ta tura mata wayar ba tare da ta dube ta ba. "Ke kika ɓata. Yi magana."

Auta ta fuskanci wayar. "Ni na yi ƙarya, ba yayata ba. Kunya na ji. Wannan ne gidanmu na gaskiya."

Aka kunna sabon bidiyon. Da kurar Sale ta fito, sai Dewi ta ƙyalƙyale da dariya.

Auta ta juya wajen Zaituna. "Kin gani ko, Yaya? Ai na faɗa!"

"Tsaya," in ji Zaituna.

Dewi ta tashi da wayarta, ta leƙa da ita ta taga. A wani siririn lungu, ga wani mutum yana tura kura cike da shuɗɗan jarkoki.

"Namu ke nan," in ji Dewi. "Tasa ma kuka take yi! Ni ma don kunya sai da na yi kwana uku kafin na iya turo nawa bidiyon."

Malama Patricia ta mai da tabarau. "Yanzu muka sami rahoto. Zaituna, sunanki yana nan. Amma ki koya wa wakiliyarki aiki."

Zaituna ta ja kunnen Auta, a hankali dai, sannan ta matsa mata wuri a gaban wayar.

Daga ranar Auta ta gane cewa ƙaryar da mutum ya yi don ɓoye kunyarsa, wani take cutarwa. Ku faɗi gaskiya game da gidanku, komai ƙanƙantarsa. Kuma kada ku ɗauki hoton gidan wani sai kun nemi izini.