Kwandansa Huɗu a Amfilifayar Likita

Mai gyaran rediyo ya ɗaga murfin amfilifayar Likita, injin ƙara sautin kiɗa, don ya share ƙura, sai ya ja da baya.

"Likita, waɗannan ba kwandansoshinka ba ne. Na gwanjo ne, irin na bakin titi."

Likita ya dafe bango. Shekara uku yana alfahari da kwandansoshi huɗun nan, ƙananan kayan lantarki masu tsada da bakin zinariya a cikin injin, waɗanda ya ce su ke sa sauti ya fito tas.

Sufeton 'yan sanda ya iso kafin azahar. Ya duƙa ya haska likin dalmar da tocila. Likin ya yi curi-curi, ƙura ta kwanta a kansa, kan notunan duk a kankare.

Ya dubi mai gyara. "Kai ba ka yin ƙazamin aiki haka, kuma wannan likin ya yi watanni. Je ka."

Ya juya ga matar Likita. "Hajiya, wa ke shiga ɗakin nan?"

"Ni dai ko shara ba ya bari in yi. Daga shi sai amininsa, tsohon malamin makaranta. Shi ma tun da aka yi wa Likita tiyata, wata takwas ke nan, bai ƙara zama sauraro ba."

"Lokacin yana asibiti, makullin na hannun wa?"

Ta dubi mijinta. "Yana hannun aminin nasa."

Da la'asar Sufeto ya zaunar da aminin a gaban lasifikokin.

"Malam, ɓarawo da injin gaba ɗaya zai tafi. Wanda ya cire huɗu ya mayar da huɗu ya san darajarsu, amma bai iya riƙe ƙarfen liki ba. Kuma kunya ta hana shi dawowa kujerar nan."

Malam ya cire tabarau.

"Suna cikin nawa injin. Kullum sai ya ce nawa gwangwani ne. Na so in ji abin da yake ji."

"Kai?" in ji Likita. "Ina kwance an tsaga ni?"

"Ka yafe mini. Amma wallahi na sa su, na saurara dare da rana, ban ji bambancin komai ba."

Sufeto ya rufe littafinsa. "Kai fa, Likita? A wata takwas ɗin nan ka ji wani canji?"

Likita ya buɗe baki, ya dubi injin, ya zauna a hankali.

"Jiya ma na ce wa Hajiya sautin bai taɓa yin daɗi irin na bana ba."