Farfela Mai Fiffike Huɗu

"Kada ka ƙara kirana Tauraruwa," Sa'adiya ta faɗa, tana tsaye a ƙofar gidansu da ke Bungudu, ta ƙi ko kallonsa. "Farfelar da Baba ya zuba maka da hannunsa, ita ka ɗaura wa igiya kana jefawa ruwa don tsayar da jirgi?"

"Ki saurare ni mana," in ji Tajuddeen.

"Na ga hoton. Sabiru ya nuna wa Baba, ya nuna wa kowa a maƙera."

Ta shige gida ta bar shi da makullin babur a hannu.

Tajuddeen jirgin ruwa mai inji yake da shi a dam ɗin Gusau. Samari kan tsaya bisa allon katako su riƙe igiya, shi kuma ya ja su suna sulɓi a kan ruwa. Bara ne ya zo maƙerar Malam Yahaya, inda ake narka alminiyam a zuba tukwane, yana neman farfela. Ranar Sa'adiya ta kawo wa mahaifinta fura, suka haɗa ido, har ta manta da ludayin a hannunta ta koma da shi gida. Da magana ta yi nisa, Malam ya zuba masa wata farfelar kyauta. Ita ce ya cire, ya sa sabuwa mai fiffike huɗu da ya sayo daga Legas.

Sabiru kuwa, ɗan ƙanin Malam, ya daɗe yana sonta, ya samu abin da yake nema.

"Wanga yaro ba shi da kunya," Malam ya ce wa Inna, yana ɗaga murya don Sa'adiya ta ji. "Ya bar zo min gida."

Da la'asar saƙo ya shigo wayarta.

"Tauraruwata, ki hana ni sunan, zuciyata ba za ta daina faɗa ba. Ban raina Baba ba. Ki roƙar min shi ya ji ta bakina sau ɗaya."

Ta share hawaye ta rubuta: "Ni ba lauyarka ba ce." Amma ita ta durƙusa gaban Inna har aka shawo kan Malam.

Ranar Asabar Tajuddeen ya zo maƙera da farfelun biyu, ya cire takalmi ya tsuguna. Sa'adiya ta laɓe bayan katanga.

"Wace ta fi?" Malam ya tambaya.

"Ai taka, Baba," Sabiru ya yi karaf. "Waccan ƙyalli ne kawai."

"Ba da kai nike ba."

Sa'adiya ta san saurayi ba ya kushe aikin suruki a gabansa. Ta runtse ido tana addu'a ya ce ta Baba, a wuce wurin.

"Sabuwar ta fi ɗaga mutum, Baba," Tajuddeen ya ce, kansa a ƙasa. "Da taka, sai jirgi ya yi nisa yana jan mutum cikin ruwa kafin ya miƙe. Wani ya sha ruwa har sai da muka danna masa ciki. Amma in aka bugi dutse, taka ce ke karyewa ta bar inji lafiya. Sabuwar kuwa injin take ja wa lalacewa."

"To mi ya hana ka faɗa min?"

"Nauyinka na ji. Na kasa dawo da ita, na kasa barinta a gida, sai na ce ta zauna tare da ni a jirgi."

"A cikin laka." Malam ya yi tsaki. "Kunyarka ta fi rashin kunya muni."

Sabiru ya yi dariya.

Malam ya ɗauki sabuwar, ya daɗe yana shafa lanƙwasar fiffikenta da babban yatsa.

"Wagga ta kwana nan, zan ɗauki zubinta. Kai Sabiru, jiƙa min ƙasar zubi." Ya juya wajen katanga. "Ke kuma na ga gyalenki. Je ki faɗa wa Inna, iyayen wanga mai taurin kai su zo ranar Juma'a a sa rana. Na ba shi. Allah Ya sa albarka."