Jar Motar Da Ba Ta Fita Ran Laraba

Magariba ta kawo jiki a unguwar New Bell ta birnin Douala, hadari ya taso daga wajen teku ya tsaya a kan rufin unguwar, bai zubo ba, bai kuma wuce ba. A bakin lungun su Rabe mai albasa, masu motoci na zaune a kan benci suna jiran kiran salla, suna zancen nan da ba ya ƙarewa, na motar wa ta fi ta wa. Wani ya ce tasa ba ta shan mai, wani ya ce tasa da ta ga ruwa sai ta yi tari ta mutu. Rabe dai ya miƙe ƙafa yana murmushi.

"Ku yi ta fama da mekanisiye masu gyaran mota," in ji shi. "Ni tawa tunda ta zo ba ta taɓa yin pan ta mace mini a hanya ba. Ko a tsakiyar ruwa ka murza makulli, tashi take yi."

Game da lafiyar motar gaskiya ya faɗa. Inda ya yi son kai shi ne da ya ce tasa ce. Su biyu suka haɗa hannu suka sayi jar motar, shi da Salmanu, wani magidanci ɗan Garwa mai haya a ɗakin ƙofar gidansa. Yau Rabe ya kai albasa kasuwar Sandaga, gobe Salmanu ya kwaso kifi daga bakin ruwan Youpwé ya raba wa mata masu suya, kowa da makullinsa. A Japoma, can bayan gari, suka samo ta, wurin wata tsohuwa da mijinta ya rasu ya bar motar a gindin mangwaro. Da za su tafi da ita, tsohuwar ta ce mijinta bai taɓa fita da ita ran Laraba ba, su ma kada su fita. Ba ta faɗi dalili ba, su kuma murna ta hana su tambaya.

Salmanu ya riƙe maganar. Rabe kuwa duk Laraba in ya ga motar a tsaye sai ya ji kamar ana yanka masa aljihu. Ranar da ake zaune a bencin nan Laraba ce, kuma da safe ya fita da ita, ya jibga mata buhuna har kujerar baya. Da Salmanu ya yi magana, Rabe ya wanke shi tas a gaban mutane. Ya ce sunansa ne a takardar mota, wanda ya sauka Douala jiya ba zai kafa masa doka ba, in ya ga dama gobe ya karɓe makullin. Salmanu ya haɗiye ya shige ɗaki.

Ladan na ɗaga murya sai dutse ya faɗo a kan kwanon gidan Rabe. Aka ce yara ne. Na biyu ya faɗo a tsakar gida, kusa da murhun da Rakiyatu matar Rabe ke tuƙa tuwo. Da ta ɗauka sai ta ji shi jiƙe sharkaf, da laka a jiki, yana warin kogi. Ba a yi ruwa ba a ranar, kuma babu kogi a New Bell. Masu benci suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka nufi masallaci, ba wanda ya ƙara zancen mota.

Washegari ranar Salmanu ce, amma motar ta ƙi tashi. Ba ta ko yi tari ba. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne inda aka same ta. A gefen kwata Rabe ya ajiye ta, amma gari ya waye ta manne da ƙofar gidan, har sai mutum ya yi gefe ya matse cikinsa kafin ya fita. Samarin unguwa suka taru suka tura, ta ƙi motsi kamar an shuka ta. Lungun dama ƙunci gare shi, babu ta inda wata mota za ta shigo ta ja ta. Rabe ya ce batir ne. An sake batir, ya ce waya ce. Mutum ne da ya gwammace a cire masa haƙori da ya ce ya yi kuskure.

Haka gidan ya zauna kwana da kwanaki. Da rana shiru, sai zafi da ƙuda. Da rana ta yi ja sai duwatsu su fara sauka, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jifar ba ya sauri. Daga cikin motar kuma a riƙa jin kukan yaro ƙasa-ƙasa, da muryar mace tana rarrashi. Maƙwabta suka daina shigowa ɗibar wuta. Ikilima matar Salmanu, mai tsohon ciki, ba ta iya matsewa ta ƙofar nan, don haka ko asibiti ta kasa zuwa. Kowa a gidan ya koma magana da raɗa.

Sai ranar da Rabe ya aiki 'yarsa Naja'atu ta ɗauko masa buta da ya manta a motar. Yarinya ce 'yar shekara goma sha uku, ita kaɗai Allah ya ba su, mai yawan surutu da dariya. Gab da magariba ne, uwarta ta ce a bari sai da safe, uban ya daka tsawa. Naja'atu ta buɗe ƙofar baya ta sunkuya, ƙofar ta rufo a bayanta.

Suka ja, ta ƙi buɗuwa. Makullin Rabe ya shiga ya ƙi juyawa. Ya ɗauko guduma ya doki gilashi, gilashin bai ko tsage ba, sai yarinyar ce ta ƙwala ihu ta dafe haƙarƙari kamar ita aka doka. Ya yar da gudumar. Daga nan ta zauna a tsakiyar kujera, ta naɗe ƙafa, ta rungume hannuwa kamar mai riƙe da jariri, ta kafe ubanta da ido. Ba idon Naja'atu ba ne. Haka ta kwana, haka ta wuni, rana na dukan kwanon motar, leɓɓanta suka bushe suka tsage. Rakiyatu ta manna fuska a gilashi tana kiran sunanta har muryarta ta dishe.

Da la'asar sakaliya aka zo da Malam Jalaluddeen, wani dattijo mara jiki da ake kira in irin wannan ta faru. Hadari ya sake haɗuwa, lungun ya yi duhu tun kafin lokaci. Ya shimfiɗa buzu a ɗan wurin da ya rage tsakanin mota da bango, ya fara karatu, bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana yi. Can sai yarinyar ta fara jijjiga, gilashin ya sauka da kansa kamar faɗin yatsa biyu.

"Ka isa, Malam. Kana ƙona ni."

Muryar tsohuwa ce, mai kauri, daga bakin Naja'atu.

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ubanta ne. Tun lokacin da ake ajiye motar nan a gindin mangwaro muke cikinta ni da ɗana. Mai ita na farko ya san da mu, ya bar mana Laraba. Sauran ranaku mu matsa gefe, a yi ta yawo da mu, ban taɓa barin ta tsaya a hanya ba. Ran Laraba nake kwantar da yarona a kujera ya huta. Wannan ya jefo masa buhu, ko bisimilla babu. Ya karya masa ƙafa. Na ɗauki 'yarsa."

Rabe ya zube a ƙasa. Malamin bai waiwaye shi ba.

"An cuce ki, amma ke ma kin yi zalunci, domin ba a kama 'ya da laifin uba. Ki sake ta."

"A zubar mini da jini, baƙin bunsuru."

"Ba za a zubar ba. Ba a yanka don kowa sai Allah. Ki nemi wani abu, ko in ci gaba."

Ya koma karatu. Yarinyar ta gantsare, kanta ya bugi kujera, Rakiyatu ta toshe baki da gyale. Ruwa ya fara sauka da manyan ɗigo a kan kwano.

"Tsaya! To a mayar mini da gidana. A kai motar gindin mangwaron nan a bar ta, kada a sake tayar da ita, kada a sayar. Mai ita ya faɗa da bakinsa."

"Na ba ki!" Rabe ya faɗa yana kuka. "Tawa ce, na ba ki, ki ɗauke ta duka!"

Muryar ta yi dariya, irin wadda ba daɗin ji.

"Ina cikinta kullum, na san masu ita. Ba kai kaɗai ba ne."

Malam Jalaluddeen ya juyo. "Da wa kuke tarayya?" Aka nuna masa Salmanu, wanda ke tsaye a bakin ƙofa ruwa na dukansa. Malamin ya girgiza kai. "To, Rabe, kyautarka ba ta yi ba. Ba a bayar da abin tarayya sai da yardar abokin tarayya, ko ga mutum ko ga aljan. Ni ma ba zan tilasta masa ba. Haƙƙinsa ne."

 Kowa ya san Rabe yana da rumfa a Sandaga, ko ba mota zai ci abinci. Salmanu ba shi da komai a duniya sai rabin motar nan. Gonar gadonsa ya sayar a Garwa ya zuba a cikinta, ga mata na gab da haihuwa. Shi bai fita da ita ran Laraba ba, bai jefa buhu a kan kowa ba, abin da ya samu kawai shi ne zagi a gaban jama'a. Rabe ya rarrafo a cikin laka ya kama ƙafarsa.

Salmanu ya dube shi. Ransa bai so ba, kuma ana gani a fuskarsa. Ya waiga ya dubi Ikilima a bayansa, ta sunkuyar da kai. Ya dubi yarinyar da ke bayan gilashi, wadda kullum ke tare shi a ƙofa tana cewa Kawu ina kifina. Ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin, ya ɗora shi a kan motar.

"Na bar miki rabona. Ki sake ta."

Malamin ya ɗauki alkawarinta cewa ba za ta sake kusantar gidan ba, ya ce ta fita. Naja'atu ta yi atishawa mai ƙarfi ta kife a kujera. Ƙofar ta buɗe da kanta. Rakiyatu ta sungumo ta, jikinta zafi rau, yarinyar ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Inna, ruwa."

Malamin ya ce kada motar ta ƙara kwana a lungun, kuma masu ita su fitar da ita da hannunsu zuwa bakin titi, inda za a samu mai ja zuwa Japoma. Rabe da Salmanu suka dafa bayanta su biyu kawai, ta gangara ba gardama. Suka yi ta turawa cikin ruwa, kwata ta cika ta malalo, laka har idon sawu, mutane na leƙe ta taga ba mai fitowa. Sai da suka yi nisa Rabe ya iya haɗa magana.

"Salmanu, wallahi ban san da bakin da zan... Gobe kai da me za ka je Youpwé?"

Salmanu bai ɗago kai ba. Ya gyara kafaɗarsa a jikin motar.

"Ban sani ba, Yaya. Tura dai, akwai hawa a gaba."